Riƙon Tsohuwar Mota Mai Turbo a Legas: Tambayoyi da Amsoshi

Motata Audi TT ce ƙirar 2002, mai ƙofa biyu, mai injin 1.8 da turbo, kuma a Agege nake zaune. Duk inda na ajiye ta, ko a ƙofar masallacin Juma'a ko a wajen mai shayi ko a bakin Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, sai wani ya matso ya tambaye ni wani abu a kanta. Wasu sha'awa ce ke kawo su, wasu kuma sun riga sun sayi irinta, ta fara ba su ciwon kai. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattara su wuri guda. Abin da na gani a tsawon shekarun da na yi da ita shi ne, ba tsufa ke kashe motoci masu turbo a Legas ba. Zafi ne, da baƙin mai marar kyau, da gyaran sauri-sauri.

Wai mene ne turbo ɗin nan da ake ta tsoro?

Fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyun kuma tana tura ƙarin iska cikin inji da ƙarfi. Iska ta ƙaru, an ƙara fetur, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Dabarar ba sabuwa ba ce, wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi mata rajista tun 1905. Shi ya sa injina mai lita 1.8 kawai yake fitar da ƙarfin doki 225.

Tsoron yana da dalili. Wannan sandar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke dukan ta kuma yana iya kai maki 900 na zafi idan an taka totur sosai. Abin da ke tsakanin sandar da ƙarfen da take kwance a ciki ɗan siririn baƙin mai ne, bai kai kaurin gashi ba. Idan man nan ya yanke ko ya yi datti na daƙiƙu kaɗan, shi ke nan.

Malam, wacce ce a cikinsu ta fi dacewa da Legas?

Wadda kayanta suke cikin motocin da suka cika titi. Wannan shi ne ma'aunina, ba kyau ko gudu ba.

TT ta farko, wadda aka yi daga 1998 zuwa 2006, a kan tubalin Golf 4 aka gina ta, injin 1.8T kuma yana cikin Golf, Bora, Passat da Audi A4 na zamanin. Saboda haka koyil, sensa, famfon ruwa da kayan ƙafa da yawa ba sa wahalar samu. Matsalolinta sanannu ne: koyil na mutuwa, agogon dashbod yana rikicewa, rariyar da ke tsotso mai daga ƙasan inji tana toshewa idan an yi sakaci da juye.

Hyundai Genesis Coupe mai 2.0T ta fi ta ƙuruciya. Na farko-farko suna da doki 210, daga ƙirar 2013 aka kai su 274, kuma makanikan da suka saba da Hyundai ba sa jin tsoronta. Mercedes C250 mai ƙofa biyu, ta 2012 zuwa 2015, tana da yawa a Lekki da Ikeja. A ita ka kasa kunne da safe lokacin tashin farko, idan ka ji karkar-karkar daga gaban inji to sarƙar tayimin ce ko giyoyin kamshaf, kuma ba gyaran kuɗi kaɗan ba ne. Peugeot RCZ ma haka sarƙarta take, kuma kada sunan Fijo ya ruɗe ka, injinta, wanda ake kira THP, ba ɗan'uwan na 504 ba ne da kowane makanike a Kaduna ya haddace.

BMW 335i mai injin N54, daga 2006 zuwa 2010, ita ce ta fi daɗin tuƙi a wannan sahu, turbo biyu da doki sama da 300. Ita ce kuma ta fi cin aljihu. Famfon fetur mai matsi yana mutuwa, famfon ruwanta na lantarki ne kuma ba ya sallama kafin ya tsaya, nozul ɗinta tsada, baƙin toka yana taruwa a bawul ɗin shigar iska. Wanda ke da ƙarfinta zai more ta. Wanda ya tattara duk abin da ya mallaka ya saye ta, a gareji zai riƙa kai mata ziyara.

Sai 'yan Japan na shekarun 1990, waɗanda samari ke mafarki: Toyota Supra, Nissan 300ZX, Mitsubishi Eclipse da 3000GT, Mazda RX-7. Supra ta 1993 zuwa 2002 mai injin 2JZ-GTE ƙarfe ce ta gaske, amma farashinta a duniya ya tashi sama, ba ta masu ƙaramin ƙarfi ba ce yanzu. Wadda ta gabace ta, mai 7M-GTE, an san ta da ƙona gasket. A 300ZX gaban motar a cushe yake, sauya turbo yakan kai ga sauke inji gaba ɗaya. RX-7 kuwa injinta ba mai fistin ba ne, kuma ban ba kowa shawarar ya riƙe ta a garin nan ba sai in shi da kansa ya iya buɗe ta.

Zan iya yin odarta daga waje?

Idan ta tsufa sosai, da wuya. Kwastam na da iyakar shekarun motar da za a shigo da ita, kuma a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na kan tudu, abin da ya rage cinikin 'yan Kwatano. Ka tambayi wakilin da zai fitar maka da ita daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can tun kafin ka tura ko sisi. Yawancin na shekarun 1990 da farkon 2000 da za ka gani a kasuwa waɗanda aka hau a gida ne, sun ratsa hannu uku ko huɗu.

To mai sitiyari a dama fa, irin Skyline?

Ka bar ta. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi ranar 2 ga Afrilu 1972, kuma doka ba ta yarda a yi wa mota mai sitiyarin dama rajista ba. Waɗanda ake juya wa sitiyari a bayan gareji da walda, rai ne ake wasa da shi, ballantana motar da aka yi don gudu.

Me zan duba kafin in biya?

Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso. Ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake. Dillali ya san cewa inji mai ɗumi yana ɓoye ƙara da hayaƙi, saboda haka idan ka tarar an riga an ɗumama ta, ka ce za ka dawo gobe.

Da ka murza makulli kafin ta tashi, dukkan fitilun dashbod su kama, har da ta cek inji da ta mai. Idan wata ba ta kama ba, an cire ƙwan ne ko an liƙe shi. Ka buɗe murfin zuba baƙin mai ka haska da tocilan. Idan ka ga baƙin abu mai kauri kamar kwalta, injin ya sha wuya. Idan ka ga fari-fari kamar madara, ruwa na shiga mai. Ka duba tankin ruwa: tsatsa ja na nufin ruwan famfo aka daɗe ana zuba mata. Ka lura ko fankar lagireto ta kama nan take da tashin mota; idan haka ne an haɗa ta kai tsaye, kuma akwai labarin zafi da ba a ba ka ba.

A tuƙin gwaji ka sami hanya miƙaƙƙiya, ka saka giya ta uku, ka taka daga ƙasa. Ƙarfin ya zo sumul ya ci gaba, ba tare da shaƙewa ko kukan jiniya ba. Bayan ka dawo ka bar ta tana aiki minti biyar a tsaye, sannan wani ya taka totur kai kuma kana kallon salansa.

Kada ka tafi ba mai na'urar bincike. Motocin kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da OBD2, wato tsarin da ake jona na'urar bincike da shi, na'urar da ke hannun kowane riwaya za ta karanta su. Waɗanda suka girmi haka sai wanda ya san tsohon tsari. A yi gwajin matsin silinda, a ɗaga ta sama a duba tsatsa da alamun walda. Ka binciki lambar shasi a intanet idan daga Amurka ta zo, domin motocin da ambaliya ta cinye ana gwanjonsu su ƙare a nan. Ka ɗaga kafet ka sunsuna, ka duba ƙusoshin ƙarƙashin kujera. Sannan takardun kwastam na asali. Ba su, ba ciniki.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ko ta ci duk wannan jarrabawa, ka ware kuɗi daban don sabis na farko, kada ka kashe komai a wajen saye.

Wane baƙin mai zan zuba? Makanikena ya ce 20W-50 ya fi dacewa da zafin ƙasarmu.

Wannan magana ta kashe turbo da yawa a Legas. 20W-50 na ma'adini ya dace da danfo da tsohuwar 504. Bututun da ke kai mai ga turbo siriri ne, mai kauri yana jinkirin isa da safe, kuma man da ba sintetik ba yana ƙonewa ya zama gawayi a cikin turbo mai zafi. Gawayin nan shi ke toshe bututu da rariya a hankali har ranar da fitilar mai za ta kama a kan gadar Third Mainland.

Ka bi abin da littafin motar ya faɗa. Tawa tana son cikakken sintetik mai lambar amincewa VW 502 00, ina zuba mata 5W-40, kuma tana shan kimanin lita 4.5. BMW da Mercedes su ma suna da nasu lambobin, a bayan galan ake rubuta su. Lambar nan ta fi sunan kamfani muhimmanci.

Game da lokacin juye, kada ka dogara da kilomita kaɗai. Daga Agege zuwa Obalende a ranar Litinin kana iya yin awa biyu ko uku, injin yana aiki yana zafi, agogo kuma ɗan kilomita kaɗan ya ƙara. Ni ina juyewa a kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, tare da sabuwar filta mai kyau. Akwai jabun mai a kasuwa, galan ɗin asali aka wanke aka cika. Ka saya daga babban dila, ka tsaya a buɗe a gabanka, ka fasa galan ɗin bayan an gama. Kuma ka riƙa zaro sandar awon mai duk mako, domin tsohon inji mai turbo yana ɗan shan mai, ba laifi ba ne sai in ya yi yawa.

Gaskiya ne dole in bar ta tana aiki kafin in kashe?

Idan ka fito daga gudu ko hawan tudu, e, minti ɗaya ko biyu. Idan ka kashe nan take mai ya daina zagayawa, wanda ya rage cikin turbo ya dahu. Amma idan ka yi minti biyar na ƙarshe kana lallaɓawa cikin layin unguwa, ya wadatar. Wasu motocin, har da tawa, suna da ɗan famfon lantarki da ke ci gaba da zagaya ruwa bayan an kashe. Idan ka ji ƙaramin gurnani bayan ka cire makulli, shi ne, kada a cire shi.

Da safe kuma ba sai ka yi minti goma kana ɗumama ta ba. Rabin minti, ka tashi a hankali, kada ka taka sosai sai allurar zafi ta hau wurinta.

An ce in cire tamostat, abin nan da ke daidaita zafin ruwan inji, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi.

A nan na fi jin zafi, domin ni ma an taɓa yi mini. A farkon riƙona na kai ta wani gareji saboda allura tana ɗan hawa a gosulo. Ban tsaya ba, na tafi kasuwa. Na dawo aka ce an gama, an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, an cika ta da ruwan rijiyar burtsatse. Allura ta daina hawa, gaskiya ne. Amma motar ta fara shan fetur kamar ba gobe, baƙin mai yana warin fetur, bayan 'yan watanni kuma zafin ya dawo fiye da da. Da aka buɗe sai aka ga fuka-fukin famfon ruwa, waɗanda na roba ne a wannan inji, sun tsage suna zamewa a kan sanda. Tun farko shi ne ciwon.

An ƙera injin ne ya yi aiki a kusan maki 90. Idan bai kai ba, ƙwaƙwalwar mota tana ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara fetur, fetur ɗin ya wanke mai daga jikin silinda ya gangara cikin som, wato kaskon mai na ƙasan inji. Ringi na ci, turbo na shan gurɓataccen mai. A wasu injuna ma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar ruwa, idan babu shi ruwan ya riƙa zagayawa bai bi ta lagireto sosai ba.

Idan mota tana zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, famfo ya gaji, fanka ɗaya ta mutu ko ƙaramin gudunta ya daina aiki, murfin tanki ba ya riƙe matsi, ko iska ta maƙale. A nemo shi. Ruwan da za a zuba kulan ne na gaske, wato ruwan sanyaya inji, rabi da rabi da tataccen ruwa. Na motocin Volkswagen da Audi na wancan zamani G12 ne mai launin hoda, ba a gauraya shi da koren. Duk wani hos da bututun roba da ya shekara ashirin a zafin inji ya bushe, ka sauya su tun kafin su fashe maka a Oshodi da ƙarfe shida na yamma.

A murfin tanki an rubuta 91, fetur ɗinmu ma an ce 91 ne. Ke nan ba matsala?

Akwai. Lissafin oktan, wato ma'aunin yadda fetur ke jure matsi, na Amurka daban ne da namu. Abin da suke kira 91 ya yi daidai da kusan 95 a ma'aunin RON da muke amfani da shi, 93 nasu kuma kusan 98. Fetur ɗin gidajen manmu yana wajen 91 a RON, wato ajin da Amurkawa ke kira 87. Motar da aka rubuta wa 91 a Amurka tana shan abin da bai kai bukatarta ba a nan.

Fetur mai ƙarancin oktan yana fashewa kafin lokaci idan matsi da zafi sun yi yawa, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Motocin da ke da sensar jin wannan ƙara suna ja da wuta baya don kare kansu, ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya ƙara zafi. Saboda haka da rana tsaka, AC a kunne, kada ka danna totur ƙasa kana babbar giya inji yana juyi kaɗan. Sauko da giya. Ka saka fulogin da aka rubuta mata, ka tsabtace intakula, wato abin da ke sanyaya iskar da turbo ya tura. Kwalaben ƙarin oktan da ake sayarwa, yawancinsu idan sun ce maki kaza, kowane maki kashi ɗaya cikin goma na lamba ɗaya suke nufi.

Ka riƙe gidan mai ɗaya ko biyu masu yawan ciniki. Wanda ya ga abin da gurɓataccen fetur mai yawan metanol ya yi wa motoci a Legas da Abuja a Fabrairun 2022 ba zai sha na bumburutu a irin wannan mota ba. Kada kuma ka bar tanki yana sauka ƙasa da kwata, fetur ɗin ne ke sanyaya famfon da ke cikinsa.

Damina fa? Lekki da Ago Palace idan ruwa ya sauka sai addu'a.

Motar nan gajeriya ce, bakin shan iskarta a ƙasa yake. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, idan ya shiga silinda sai sandar fistin ta lanƙwashe. A watannin Yuni da Yuli ina duba sama kafin in fito da ita. Idan ruwa ya kai tsakiyar taya, ina juyawa, ko masu jip na bayana suna ta hon. Igiyar ruwan da tirela ko BRT ke turowa ta fi zurfin da kake gani haɗari.

Idan ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake murza makulli ko sau ɗaya. A tura ta waje, a ja ta, a cire fulogi a fitar da ruwan, a zazzage intakula, a juye mai. Murzawar nan ta biyu ita ce takan raba mutum da injinsa.

Wani abu da ba a kula da shi: ramukan zubar ruwa da ke ƙasan gilashin gaba. Ganye da ƙura suna toshe su, kuma a TT ƙwaƙwalwar mota a nan take zaune. Ka share su kafin damina. Man birki shi ma yana tsotsar laima, iskar Legas kuwa jiƙe take, a sauya shi duk shekara biyu.

Ramuka da tudun rage gudu ba za su gama da ita ba?

Za su iya. Som ɗin tawa na alminiyam ne kuma a ƙasa yake, dutse ɗaya ya ishe shi. Na sa an yi mata farantin ƙarfe a ƙasa. Tudu a karkace ake hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ƙara sauke ta, kada ka saka manyan rim da siririyar taya. Idan fitilar mai ta kama bayan ka daki wani abu, kashe ta a wurin.

Tana hayaƙi shuɗi kuma ƙarfi ya ragu. An ce turbo ne, in sayo wani.

Kada ka yi saurin sayowa. Rashin ƙarfi sau da yawa hos ne ya tsage ko kilif ya saki, iskar da turbo ya tura tana gudu waje. Ko bawul ɗin mayar da iska ne robarsa ta yage, ko sensar awon iska ta yi datti. A toshe bututu a hura iska a saurari inda take fita, aikin rabin awa ne. Hayaƙi shuɗi kuma yana iya zuwa daga toshewar numfashin inji, ko bututun da ke mayar da mai daga turbo zuwa som, ko robobin bawul.

A cire hos ɗin gaba a taɓa fankar da yatsa, inji a kashe. Ɗan motsi gefe da gefe ba komai ba ne muddin ba ta goga bango. Motsi gaba da baya, ko fuka-fuki masu gutsure, shi ne mutuwa. Ɗan danshin mai a cikin hos ba hujja ba ce.

Idan ya tabbata ya mutu, tambayar da za ka yi wa makanike ita ce, me ya kashe shi? Wanda bai iya amsa ba zai ɗaura maka sabo ya mutu a hanya ɗaya. A sauya bututun kai mai, a sauke som a wanke rariya, a wanke intakula, sabon mai da filta biyu, ta mai da ta iska, a ɗura mai cikin sabon turbo kafin a tayar.

Ladipo ko oda?

Ya danganta da kayan. Ƙofa, fitila, giyabos, ƙafa, har inji sukutum, na Beljiyam a Ladipo ko Owode Onirin ko ASPAMDA sun wadatar, sau da yawa ma sun fi sabon jabu. Amma bel, famfon ruwa, tamostat, gasket, hos, fulogi da sensa, sababbi na asali kawai, ko da za ka jira mako uku a kawo. Ka je da lambar kayan a rubuce da tsohon a hannu. Zuwa da kai ya fi aike, kuma ka wuce 'yan baranda ka shiga shagon da kansa, ka karɓi rasit da sharaɗin mayarwa idan bai yi ba.

Yaushe ake sauya tayimin bel?

Ranar da ka saye ta, sai in ka ga shaidar an sauya da idonka. Injin 1.8T bawul 20 gare shi, idan bel ya tsinke fistin ya same su. Bayan haka duk kilomita 90,000 zuwa 100,000 ko shekara biyar. A haɗa da tenshina, da rola, da famfon ruwa. A Eclipse mai 4G63 akwai ƙaramin bel na biyu a bayansa, shi ma yana tsinkewa ya shiga cikin babban. Masu TT quattro, mai jan taya huɗu, kuma su tuna da man Haldex, na'urar da ke kai ƙarfi tayoyin baya, duk kilomita 30,000.

A cire indomi, matatar hayaƙin nan da ke cikin salansa, don ta ƙara gudu?

Idan bai toshe ba, ka bar shi. Yawancin masu ba da shawarar nan kuɗin da ke cikinsa suke hange, domin akwai ƙarafa masu daraja a ciki kuma ana sayensa. Ka sa ido ma idan ka bar mota ta kwana a garejin da ba ka sani ba.

Zan iya sa a taɓa ƙwaƙwalwarta ta ƙara ƙarfi?

Ana yi, kuma injin turbo yana amsawa sosai. Amma shirye-shiryen da ake saukowa da su daga intanet an rubuta su ne don fetur 98 da iskar Turai. A kan fetur ɗinmu, da zafin Maris, da fistin mai shekara ashirin, ban yarda da shi ba. Kuɗin ka sa su a taya masu kyau da birki. Ka duba lambobi huɗu na gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Gudu kuma ba na titin Ikorodu ba ne inda mutane ke tsallakawa da yara.

Takardu fa?

Kamar kowace mota: lasisi, inshora, da takardar lafiyar mota, wadda a Legas sai an kai motar cibiyar gwaji ta kwamfuta. Inshorar ɓangare na uku ta koma naira 15,000 a Janairun 2023. Mota mai jan ido an fi tsayar da ita, komai ya zama cikakke. Masu 335i su tuna ba ta zuwa da safaya, su tanadi tasu.

Yallaɓai, zan iya tafiya gida Kano da ita da Sallah?

Injin zai ji daɗi, doguwar hanya ta fi masa gosulo sau goma. Ƙasan motar ne abin tunani, musamman idan ka bi ta Jebba da Mokwa inda tireloli suka tauna hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya: a yi sabis mako biyu kafin, ka hau ta cikin gari ka ga ko wani abu zai ɓullo. Ka ɗauki koyil biyu, litar mai, galan ɗin kulan, fanbel, kilif da fiyus. Ka tashi da asuba, kada ka yi dare. Lokacin hunturu ƙura tana cika filtar iska da wuri, ka duba ta da ka isa, kuma kada ka saka buɗaɗɗiyar filtar nan mai kamar mazurari, ƙura takan wuce ta ta ci fuka-fukin turbo.

Za ta yi mini motar kullum, ni da iyali?

Kujerun baya na yara ƙanana ne, babba ba zai iya zama ba, balle Hajiya da kayan cefane daga Mile 12. Kuma ranar da kake jiran kaya daga waje sai ka nemi abin hawa. Ina ganin ta fi dacewa da wanda ke da wata motar.

Idan zan yi tafiya ta wata biyu, yaya zan bar ta?

Ka juye mai kafin ka tafi, ka cika tanki, ka ƙara wa tayoyi iska kaɗan. Ka cire kan batir na nagetif, amma ka tabbatar kana da lambar rediyo idan mai lamba ce. Kada ka ja birkin hannu, laima na sa ya kame. Ka saka giya ka tokare taya da katako. Ka ajiye ta a inuwa a kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, ba kusa da kwata ko bola ba, saboda ɓeraye suna cin wayoyi. Kada ka bar wa yaro makulli ya riƙa tayar da ita minti biyar kowace safiya, hakan ruwa yake tarawa a salansa da cikin mai. Idan akwai wanda ka amince da hannunsa, ya fita da ita sau ɗaya a mako biyu, ya yi rabin awa a hanya har ta yi zafi sosai, AC a kunne. Idan babu, a bar ta a rufe har ka dawo, ka duba mai da ruwa da ƙarƙashinta kafin ka murza makulli.